Tuta da Likkafani

A ƙasar Hausa mutuwa ba ta da ado. Da sarki da talaka farin likkafani ake sa musu, makara ɗaya ke ɗaukarsu. Haka na tashi na gani a Bakori, inda manomi kan jingine fartanya ya bi gawar da bai san mai ita ba, don neman lada. Soja kuwa yana da tasa al'adar: akan lulluɓe mamaci da tutar ƙasa, a busa begila, a harba bindigogi sama, sannan a naɗe tutar a miƙa wa magada.

Al'adun nan biyu sun haɗu a watan Nuwamba na 2016, lokacin da aka binne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a maƙabartar sojoji ta Abuja. Ya yi fice wajen ƙwato garin Baga daga hannun Boko Haram a 2015, ya kuma kwanta dama a fagen fama a Malam Fatori, Jihar Borno. An sallace shi kamar kowane Musulmi, an yi masa ban kwana irin na hafsoshi. Har a ƙauyukanmu, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba sun ji a rediyo, sun yi masa addu'a.

Sai dai jana'iza yini ɗaya ce, maraici kuwa na shekaru ne. Bayan an watse daga zaman makoki, matar mamaci kan shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, daga nan ta fuskanci ci da sha da karatun yara. Abin ya fi tsanani ga iyalan ƙananan sojoji, irin waɗanda ke rasa rayukansu a dazuzzukan Faskari da Sabuwa don manomanmu su samu girbe masara da auduga, ba a kuma jin sunayensu a rediyo.

Kowace ranar 15 ga Janairu Nijeriya kan tuna da 'yan mazan jiya, manya su ajiye furanni. A ganina, karramawar da ta fi ɗorewa tana hannunku, ɗalibai masu koyon malanta. Wata rana ɗan wani sojan da ya faɗi zai zauna a ajinku, wataƙila babu littafi, babu takalmi. Ku san shi, ku ja shi a jiki, ku tabbatar bai bar makaranta ba. Ubansa ya riga ya biya kuɗin karatunsa da jininsa.