Tankin sigarin lantarki: na asali da na kwaikwayo

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wani abu da samarinmu masu dawowa daga cin rani suka fara shigowa da shi ƙauye. Sunansa sigarin lantarki. Ba a kunna shi da ashana. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙago irin na yanzu a shekarar 2003, kuma mafi yawansu a birnin Shenzhen na ƙasar ake ƙera su.

Wanda ya san fitilar ƙwai ya san rabin aikinsa. Yana da tanki kamar babban yatsa, nan ake zuba ruwansa. Auduga ce lagwani, tana tsotso ruwan zuwa wata siririyar waya. Batir ya zafafa wayar, ruwa ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Galibi ruwan yana da nikotin, abin nan na cikin taba mai kama mutum ya kasa bari.

Tankin iri biyu ne a kasuwa. Akwai na asali, akwai na kwaikwayo. Wani mai suna Kayfun, ƙirar Jamus, ana saida shi sama da yuro 100, wato fiye da jika 65 na sefa. Kuɗin akuya ke nan, har da saura. Wasu masana'antu sun kwaikwayi siffarsa, har sunan suka buga a jiki, suna saidawa ƙasa da jika 15.

Ɗalibaina biyu sun kawo mini nasu, na wani kamfani dabam, don in karanta musu rubutun kwalin. Ɗaya maigidansa ya ba shi a Aljeriya, ɗayan a tebur ya saya bakin tasha. Suna ɗaya, launi ɗaya. A ido ba ka raba su, sai hannu ya taɓa. Na asali in ka murɗa murfin yana tafiya sumul har ya zauna. Na teburin yana cijewa, yana ƙara kamar akwai yashi a ciki, kuma yana warin man inji. Zoben roba da ke hana yoyo ya yi sako-sako, aljihun rigar yaron duk ya yi tabo. Kwalin na asali yana da wurin kankarewa, lamba ta fito, a bincika ta a waya. A ɗayan kwalin hoton wurin kawai aka buga, ka kankare har farce ya gaji.

Abin da ya fi damuna ido ba ya ganinsa. A gindin tanki akwai ɗan ƙarfe da ke taɓa batir, an kewaye shi da abin da ke hana wuta tsallakawa. In wannan ya lalace, batir yana iya ɗaukar zafi har ya fashe, alhali abin yana bakin mutum ko aljihunsa. Sannan na asali yana faɗin irin ƙarfen da aka yi shi da shi. Na kwaikwayo, wa za ka tambaya?

Ba duk na kwaikwayo ne banza ba, gaskiya. Wani yana daɗewa. Amma sa'a ce, kamar sayen iri a hannun baƙo.

To, wajen ƙira na asali ya fi, ban da shakka. Sai dai da suka ce in zaɓa musu, na ce ƙwarya mai kyau ba ta gyara abin da aka zuba mata. Nikotin ɗaya ne a duka biyun, kuma kuɗin ruwa, auduga da waya ba su ƙarewa. Mai na asalin ya yi dariya, ya ce nasa dai ba ya yoyo. Haka ne, yau ba ya yi. Amma roba tana tsufa, kuma a kasuwarmu ta mako babu mai saida zoben, ko na wancan ko na wannan.