Sammakon Shika

A Shika, bakin hanyar Zariya zuwa Funtuwa, layin ɗibar jini na asibitin koyarwa kan cika tun da safe. Cikin masu jira har da 'yan mata da aka cire wa ƙari daga gidan ƙwai, iyayensu riƙe da takardu. An gama tiyata, kuɗin mota bai ƙare ba.

Likita na bibiyar AFP, hCG da LDH, sinadaran da ƙarin ke zubawa cikin jini. AFP kan ragu da rabi duk kwana 5 zuwa 7. In ya hau, wataƙila ciwon ya dawo, musamman a shekara 2 na farko.

Uwa, hCG ne awon ciki ke nunawa. In na 'yarki ya hau, kafin zargi, kai wa likita takardar.