Labarin Al'ajabi Daga Ƙofar Gida Yake Tashi

Ba abin da ke faranta ran sabon marubuci kamar ya sami amsa daga editan wata 'yar mujalla cewa an karɓi labarinsa, za a buga shi a fitowa ta gaba. Amma fa kafin a ɗauki labari guda, an ajiye da yawa. Ya kamata samarin Hotoro da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu sha'awar rubuta labaran aljannu da taurari su san dalilin wannan.

Tun cikin 1933 aka fara irin wannan tankaɗe da rairaya a ƙasar Hausa, sa'ad da Dokta East na Hukumar Talifi ta Zariya ya sa gasar ƙaga labari. Cikin waɗanda aka zaɓa har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara. To, a dubi Ganɗoki. Bai faɗa ƙasar aljannu ba sai da ya fara da yaƙin zuwan Turawa, abin da dattawan lokacin suka gani da idonsu. Da mai karatu ya amince da farkon, sai ya bi shi har ƙarshe.

Haka kuma Umaru Dembo ya yi cikin 1969 a littafinsa Tauraruwa Mai Wutsiya. Yaron da aka ɗauka zuwa sararin samaniya ɗan gida ne, mai irin tarbiyyarmu, saboda haka da idon Bahaushe mai karatu ya ga sama. Ko mujallar Omenana, wadda Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa cikin 2014, labaran al'ajabi na mutanen Afirka aka kafa ta domin ta buga.

Watau kuskuren da yawancin masu koyo ke yi shi ne aron rigar wani. Yaro ya ga sinimar Amurka, sai ya kai labarinsa wani birnin da bai taɓa takawa ba. Edita kuwa da ya karanta shafi ɗaya ya gane, gama kayan aro ba ya rufe katara. Alhali ga tankokin mai na Hotoro a gabansa. Me zai faru ran da aka wayi gari duniya ba ta bukatar fetur? Ina direbobi da masu sayar musu da abinci za su nufa? Ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a kan hanyar Zariya. In na'ura ta iya duba majiyyaci, wa zai riƙe hannunsa?

Wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi, ya bi ta da haƙuri, lalle ya ba edita abin da ba wanda zai aiko masa daga Ingila. Allah ya ba mai rabo sa'a, amin.