Maki Arba'in Na Malamin Tarihi A Kontagora

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a gaban aji ya san wata gaskiya wadda ba a cika faɗinta a kwalejin horon malamai ba, watau yaro ya fi mai da hankali ga abin da ya tabbata za a ba shi maki a kansa, fiye da abin da aka koya masa. Malami ya yini yana bayanin dalilin da ya sa aka yi yaƙi, in dai ran jarrabawa shekarar yaƙin kaɗai zai tambaya, to, shekarar yara za su haddace, dalilin kuwa su bar masa kayansa. Saboda haka yadda ake rabon maki shi ne ainihin manhaja, ko da me aka buga a takardar Ma'aikatar Ilmi.

Akwai wani malamin tarihi a wata ƙaramar sakandare cikin garin Kontagora, a Jihar Neja, wanda wannan magana ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Aji biyu yake koyarwa, yara masu shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu, kusan tsaran waɗanda dattawa suka sani da 'yan Midil a zamanin En'e. Sun haura saba'in a ɗaki guda. Ranar farko ta kowane zango yakan shimfiɗa musu ƙa'idojinsa, ba su kuwa da yawa. Kowa ya zo da littafin rubutu na tarihi shi kaɗai, kada a gwama shi da na lissafi. Ba a amsa tambaya da baki ɗaya kamar ana biya karatun allo, mutum ɗaya zai miƙe ya yi magana, saura su saurara har ya kai aya. Wanda ya kwafi aikin wani, da shi da wanda ya ba shi duk sifiri. Amma ƙa'idar da ya fi nanatawa, wadda har yara suka mayar da ita laƙabinsa a bayan idonsa, ita ce duk wanda ya kawo labari sai ya amsa tambaya guda: "Wa ya faɗa?"

Yara ba su sha wuyar gane wannan ba, domin da yawansu suna zuwa Islamiyya da yamma, sun san ba a karɓar hadisi sai da isnadi, wane ya ji daga wane. Malam yakan ce musu labarin mutanen da ma haka yake, sai an san bakin da ya fito, da abin da mai bakin yake so, kana a san nauyin da za a ba shi.

To, sai batun maki. A wannan makaranta, kamar a makarantu da yawa na ƙasar nan, maki ɗari ne a zango: sittin na babbar jarrabawa, arba'in na ayyukan da ake yi tun daga farkon zango har ƙarshensa. Wannan tsari na auna yaro a kai a kai ya samo asali ne daga manufar ilmi ta ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiki da shi a 1982. Niyyar masu tsarin kyakkyawa ce. Sun ga ba daidai ba ne a rataya makomar yaro a kan jarrabawar awa biyu, wadda zazzaɓin kwana ɗaya kan iya rushewa, sun kuma so a riƙa lura da ɗabi'ar yaro da aikin hannunsa, ban da haddarsa. Amma fa abin da ya biyo baya kowa ya sani. A wurare da dama makin arba'in ɗin ya koma ladan kwafe rubutun allo, ko na kawo tsintsiya, ko kuwa malami ya zauna daren da za a miƙa sakamako ya zuba lambobi bisa ga fuskokin da ya tuna. Abin da aka yi don a taimaki yaro ya zama wata kafa ta son kai da ganin dama.

Shi wannan malami ya ɗauki arba'in ɗin nan a matsayin gonarsa, domin nan kaɗai yake da iko. Gwaji biyu yake yi, kowanne maki goma. Biyar na littafin rubutu ne da magana a aji. Sauran sha biyar kuwa ya ware su ga aiki guda, wanda ake ba da mako huɗu a yi shi: kowane yaro ya nemi dattijo ko dattijuwa a gidansu ko unguwarsu, ya tambayi labarin garin nan na da, ya rubuta abin da ya ji da wanda ya faɗa masa, sa'an nan ya gwada shi da abin da aka koya a aji.

Larura ce ta sa shi haka, ba burgewa ba. Tun zuwan tsarin 6-3-3-4 darasin tarihi a ƙananan azuzuwa ya soma narkewa cikin darasin zamantakewa, manhajar 2007 kuwa ta fitar da shi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare, aka fara aiki da hakan a shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010. Sai a zamanin Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu aka ba da umarnin mayar da shi. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar horar da malaman tarihi 3,700, watau ɗari daga kowace jiha da Abuja. Jihar Neja tana da ƙananan hukumomi 25. Mai karatu ya raba ɗari a kansu ya ga abin da kowace za ta samu. A 2025 an sake shelar cewa darasin wajibi ne daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Shela dai ba ta ƙaranci ba, littattafai ne da malamai suka yi ƙaranci, littafin da ya shigo hannu kuma da wuya ya ba Kontagora fiye da 'yan layuka. Dattawan gari su ne ɗakin karatun da ya rage.

Sashen tarihin garin mai sauƙin koyarwa, da sauƙin dubawa da jan biro, sananne ne. Umaru Nagwamatse ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1859 ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 ya kafa Kontagora, wadda ake cewa sunanta ya fito daga umarninsa ga mutanensa su kwantar da gora, an iso masauki. Ya rasu a 1876, ɗansa Modibbo ya gaje shi, sa'an nan Ibrahim Nagwamatse ya hau a 1880. Sojojin Turawan Ingila suka ci garin a watan Janairu na 1901, Ibrahim ya fita, daga baya aka kama shi, aka mayar da shi gadon sarauta a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Yaro mai kaifin hadda zai kwashe wannan cikin dare ɗaya.

Inda gizo ke saƙa shi ne mene ne Ibrahim Nagwamatse ga mutanen wannan ƙasa. A bakin maroƙa da mutanen fada, namijin duniya ne wanda ya faɗaɗa daula, bai kuma miƙa wuya ga Nasara cikin sauƙi ba. A rahotannin Lugga da jami'ansa, mai farautar bayi ne wanda ya mayar da ƙauyuka kufai. Har sun ruwaito cewa ya kwatanta kansa da kyanwa, wadda ba mai hana ta kamun ɓera. A gidajen Kambari da Dukawa da Gwari kuwa akwai labaran gudu zuwa kan duwatsu da na dangin da aka tafi da su ba su komo ba. Jikokin waɗannan duka suna zaune a benci ɗaya a gaban Malam. Shi ya sa in an zo kan zancen kyanwar nan ba ya ƙaryata shi, ba ya kuma gaskata shi, sai ya tambayi aji: wa ya ji da kunnensa, da wane harshe aka faɗa, wane ne tafinta, kuma me wanda ya zo cin ƙasa zai amfana in duniya ta ɗauki sarkin da ya kora azzalumi? Sa'an nan ya juya tambayar: maroƙi kuma fa, a hannun wa yake ci? Kakar da ta ba da labarin gudu, ita ta gani, ko ita ma ji ta yi?

Wani zango wata yarinya ta kawo shafi biyu da rabi, rubutun duk karkatacce, na abin da kakarta Bakambara ta ji daga tata kakar. A ƙarshe ta ƙara da cewa tsohuwar ba ta san shekara ba, ba ta kuma tabbatar ko mayaƙan Kontagora ne ko na wani wuri ba. Malam ya ba ta sha uku. Wani yaro ɗan ajin, wanda ba a taɓa kama shi da kuskuren shekara ba, ya kawo shafi huɗu tsaf, jerin sarakuna da shekarunsu kamar yadda suke a allo, ba sunan dattijo ko ɗaya. Ya sami shida.

Kwana biyu sai ga mahaifinsa, ɗan kasuwa mai mutunci a gari, da takardar a hannu. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, na sa an karanta mini aikin yaron nan daga farko har ƙarshe. A nuna mini inda ya yi kuskure."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, babu kuskure ko ɗaya. Sai dai abin da na ba shi ne ya maido mini. Na aike shi wurin manya, bai je ba."

Alhaji ya yi shiru, sa'an nan ya fito da abin da ya kawo shi. Ya ce ya ji wadda ta zo da zancen ɓatanci ga magabata ita aka fifita, in haka ne kuwa ana koya wa yara raina sarauta ke nan. Malam bai yi gardama ba, sai ya jawo wata takarda ya rufe sunan da yatsa. Aikin wani yaro ne wanda kakansa bafade ne, cike da yabon Ibrahim da kirarinsa, amma yaron ya faɗi wanda ya ba shi labarin, ya kuma rubuta da kansa cewa kakan nasa a fada ya tashi, don haka ba mamaki ya fi ganin alherin gidan. Shi ma sha uku aka ba shi. Alhaji ya duba, ya ce Allah ya kyauta, amma shi a saninsa makaranta wurin koyon amsa ce, ba wurin koyon tuhuma ba. Suka yi sallama cikin girmamawa, kowa na kan ra'ayinsa.

Kada kuma a yi saurin ganin baiken Alhaji, domin yana da hujja. Maki sittin na babbar jarrabawa har yanzu hadda suka fi nema, haka ma jarrabawar fita aji uku, irin wadda hukumar NECO mai hedkwata a Minna take shiryawa, tana ƙunshe da tambayoyi masu yawa na zaɓen amsa ɗaya daga cikin jeri. Tambaya irin wannan ba ta da wurin "wa ya faɗa". Uban da ke biyan kuɗin littafi yana da ikon tambayar abin da zai fisshe da ɗansa ran jarrabawa. Malam ma ya san haka, shi ya sa makonni biyun ƙarshe na zango yakan ajiye tambayoyinsa, ya koma sa yara nanata 1859 da 1864 da 1901 har su zauna musu.

Akwai kuma wahalar aikin kanta. Duba gwajin zaɓen amsa na yara saba'in aikin yamma ɗaya ne, karanta labarai saba'in da auna kowanne kuwa yakan cinye masa darare goma, ga ofishin makaranta yana aiko masa a kawo lambobi kafin Juma'a. Takardar sakamako gurbin lamba kawai gare ta, ba ta tambayar yadda aka same ta, sha ukun yarinyar nan da sha ukun da wani ya samu don ya share ofis duk ɗaya suke a idonta. Abokan aikinsa sun sha ba shi shawara ya sauƙaƙa wa kansa.

Bai sauƙaƙa ba tukuna. Ayyukan da suka fi kyau yakan roƙi masu su su bar masa, yana tara su cikin wani kwali a gida, an rubuta sunan unguwa da shekarar da aka ɗauki labarin a bayan kowanne. Kwalin ya kusa cika, uku daga cikin dattawan da yaran bara suka tambaya kuma sun rasu kafin damina ta faɗi.