Maganin Firgita

Hausawa sun ce, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka ta faru ga wani tela a Tudun Wadan Zariya. Tun da mota ta buge shi, ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Likita ya ba shi Valium, maganin da ya fito a 1963, wanda ke lafar da sashen ƙwaƙwalwa mai ta da tsoro, zabura ta ragu. Amma ya gargaɗe shi kada ya wuce mako huɗu yana sha, domin jiki yakan saba har ya kasa bari. Magani ya ba shi barci, amma tsoron bai sake shi ba sai da ya riƙa fita bakin titi kaɗan kaɗan.