Kwalbar Indiya a Inuwar Bedi

A ƙofar gidanmu da ke Sabuwa akwai wata tsohuwar bishiyar bedi, wadda Kanawa ke kira darbejiya. A inuwarta mahaifina yake shimfiɗa buzunsa bayan La'asar, a nan kuma na tarar da shi ranar da na dawo daga jami'a, da wata koriyar kwalba a gefensa. A jikinta akwai hoton wani dattijo mai farin gemu, da rubutun da babu mai iya karantawa a unguwarmu. Bayan mun gaisa ya miƙo mini ita, ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mini. Daga Indiya aka kawo shi. Mai maganin ya ce in na shanye uku, na rabu da hawan jini ke nan."

Na tambaye shi ƙwayoyin da likita ya rubuta masa a Funtuwa. Ya ce sun ƙare tun wancan watan, kuma hanyar Dandume ba kullum take biyuwa ba, shi kuwa mai maganin har bakin kasuwa yake zuwa da lasifikarsa. Na so in yi gardama, amma na ga ba ni da hujja sai raini, shi kuwa raini ba ya sauya ra'ayin dattijo. Kalma ɗaya na iya karantawa a jikin kwalbar, ita ce Ayurbeda, don haka na ƙudura sai na san abin da take nufi.

A harshen Sanskirit ma'anarta ilmin rayuwa. Tsarin kiwon lafiya ne da Indiyawa suka gada shekaru fiye da dubu biyu, manyan littattafansa kuwa su ne Caraka Samhita da Sushruta Samhita. A ganinsu abubuwa uku ne ke tafiyar da jikin ɗan Adam: vata mai ɗabi'ar iska, da pitta mai ɗabi'ar wuta, da kapha mai danshi da nauyi. Idan suka daidaita, mutum yana cikin ƙoshin lafiya, idan ɗaya ya rinjayi sauran, cuta ta sami ƙofa. Saboda haka masanin wannan fanni yakan fara da tambayar abin da majinyaci yake ci, da yadda yake barci, da lokacin shekarar da ake ciki, kafin ya kai hannu ga saiwa ko ganye.

Ina karantawa ina tuna kakata, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa jin sunan Caraka ba, amma ta raba duniya tsakanin zafi da sanyi. Da hunturu takan ƙara citta da kanumfari da masoro a kunu, da bazara ta jiƙa mana tsamiya, kuma ba ta yarda yaro ya kwanta da tuwo bai faɗa masa ba. Wannan kamanni yana da tarihi. Wajen shekarar 850 Ali bin Rabban al-Tabari ya keɓe wani sashe na littafinsa Firdausul Hikma ga likitancin Indiyawa, inda ya ɗebo daga Caraka da Sushruta. Ilmin ɗibbu na Musulmi, wanda shi ma yake auna zafi da sanyi da danshi da bushewa, ya iso ƙasar Hausa ta hannun malamai, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Ita kanta bedin da Baba yake hutawa a inuwarta 'yar asalin yankin Indiya ce, a zamanin Turawa aka yaɗa ta a ƙasarmu, yau ga shi ana dafa ganyenta don zazzaɓi kamar da ita aka halicci garin.

Sai dai binciken ya nuna mini abin da ya tayar mini da hankali. A shekarar 2004 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka sun auna magungunan Ayurbeda guda 70 da aka sayo a shaguna, suka sami dalma ko zaiba ko gubar arsenik a cikin 14. Ita kanta Indiya ba ta bar lamarin kara zube ba: a 2014 ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da likitancin gargajiya, a 2022 kuma aka aza harsashin cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wannan fanni a garin Jamnagar. Can mutum yakan shafe shekaru a makaranta kafin a ba shi izinin duba majinyaci. Kwalbar Baba kuwa ko lambar NAFDAC babu a jikinta. Sunan Indiya kawai aka sayar masa, aka bar hikimar a can.

Da na fahimci haka sai na koma wurinsa da dare, na durƙusa na ce, "Baba, su masu maganin da kansu sun ce lafiya ginshiƙai uku gare ta: abinci, da barci, da kame kai. Ba su ce kwalba uku ba." Ya yi dariya, ya amince muka sayar da buhun masara aka sayo ƙwayoyin wata uku da ƙaramar na'urar awon jini. Inna ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miyarsa, ta koma ga daddawa, ya kuma daina hawa babur zuwa gonar da ke kusa, yana takawa da ƙafa. Kwalbar muka tuttular a bayan gida.

Ginshiƙi na biyu ne ya gagare ni. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, daga Sabuwa har Faskari da Ƙanƙara, Baba bai ƙara yin barci mai nauyi ba. Ƙarar babur cikin dare tana tashinsa, haushin kare yana hana shi komawa. Duk safiyar da aka kwana cikin fargaba, na'urar takan nuna lamba mai tsoratarwa, ko da ya sha ƙwayarsa a kan kari. A nan na gane cewa daidaiton da masanan Indiya suka yi magana a kai, wanda kakata ta rayu a kansa, ba aikin mutum ɗaya ba ne. Jiki ba ya samun natsuwar da garinsa ya rasa.

Wata safiya bayan na auna shi, ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya warware abin daga damtsensa ya ce, "Abincin na gyara, ƙwayar ina sha. To barcin fa, a wace kasuwa ake sayar da shi?"

Ban ba shi amsa ba. Na naɗe na'urar na mayar cikin jakarta, shi kuma ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gona.