Kafin Ka Iso Buffalo: Nasiha Ga Ɗan Ƙanena

 Mahaifinka ya kira ni ya ce ka samu gurbin karatu a nan Buffalo, Allah ya sa albarka. Ya ce kana ta ɗokin ganin dusar ƙanƙara da idonka. Za ka gan ta, har ta ishe ka. Tun da furfura ta same ni a wannan gari, bari in faɗa maka abin da takardar makaranta ba za ta faɗa maka ba.

Buffalo na bakin Tafkin Erie ne, ta ƙarshensa na gabas, dab da iyakar Kanada. A farkon hunturu, kafin tafkin ya daskare, ruwansa ya fi iskar da ke samansa ɗumi. Sai iska mai sanyi ta bi ta kansa ta kwashi danshi, ta zo ta juye mana shi a matsayin dusa. Kuma ba ta rabo daidai. A Nuwamban 2014 wasu garuruwan da ke kudu da birnin sun samu kusan mita 2 cikin 'yan kwanaki, alhali abin da ya sauka a arewacinsa bai taka kara ya karya ba. Don haka kada ka leƙa taga ka ga sarari ka ce hanya lafiya lau. Ka saurari masu hasashen yanayi. A nan ba wasa suke yi ba.

Abin da ya sauko daga sama ma da sauƙi. Iska ce ke da aikin. Ka san yadda take tara rairayi a jikin katanga can wajen Yusufari, gefe guda ƙasa fili, ɗaya gefen tudu har ya kusa kan ginin? Haka take yi da dusar nan. Tsofaffin garin har yau suna labarin ƙarshen Janairun 1977. Abin da ya sauko a lokacin kamar santimita 30 ne kawai, amma tafkin ya riga ya daskare, dusa ta taru a kansa, iska ta kwaso ta ta jibge a gari. A wasu wurare tudun ya kai mita 9, ya binne motoci, ya rufe ƙofofi da tagogi, har Shugaba Jimmy Carter ya ayyana yankin a matsayin inda bala'i ya afka wa.

Babbar maganata ita ce wannan: idan hukuma ta hana tuƙi, ka zauna a gida. Ranar Juma'a 23 ga Disamban 2022 aka wayi gari da ruwan sama, kafin hantsi sanyi ya sauko, ruwan ya koma dusa, iska ta haura kilomita 110 a awa. In ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin yatsunka. Aka kwana biyu a haka. Da abin ya lafa aka ƙirga fiye da mutum 40 da suka rasu. An samu wasu a cikin motocinsu, wasu a cikin tudun dusa a bakin titi, wasu kuma a gida suna jiran motar asibiti da ta kasa isowa. Da yawansu ba sakarkaru ba ne. Wani aiki ya fita, wani kanti ya nufa, wani zai duba ɗan'uwansa. Kowa ya ce nan da can ne. A irin wannan rana babu nan da can. Mutum na iya ɓata a layin gidansu. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na san ka da son jam'i, kuma ina yi maka murna da hakan. Amma addini ya yi rangwame a ranar ruwa mai ƙarfi da sanyi mai cutarwa. Ka yi sallarka a ɗaki, ko da Juma'a ce, ba wanda zai ce ka yi sakaci.

In tsautsayi ya sa guguwar dusa ta rutsa da kai a mota, kada ka bar motar ka kama tafiya da ƙafa, sai in ga gini nan a gabanka kana ganinsa. Ka kira 911, ka ɗaura ƙyalle mai launi a inda za a hango. Ka riƙa tayar da injin kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, gilashi a ɗan buɗe. Amma kafin ka murza makulli, kowane karo, ka fita ka tone bakin salansa. In dusa ta toshe shi, hayaƙin ciki yake dawowa.

Hayaƙin nan shi ne abin da na fi ji maka tsoro, don mu ne muka fi saurin faɗa masa. A gida, in sanyi ya tsananta, tsohuwa za ta zuba garwashi a kasko ta shigo da shi ɗaki, kowa ya miƙa hannu. Ko can ɗin yana kisa, sai dai ɗakunanmu suna da kafofin da iska ke shiga. Gidajen nan kuwa an toshe su ruf, ko ƙasan ƙofa an liƙa roba. Gawayi, janareta, murhun gas da aka bari a kunne don ɗumama ɗaki, duk suna fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa, sai jiri da tashin zuciya, sai barci mai daɗi. Wanda ya bi barcin nan ba lallai ya farka ba. Janareta a waje ake ajiye shi, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa. Ranar da ka karɓi makullin ɗaki, ka duba ko akwai na'urar da ke ƙara idan wannan iska ta taru, ka danna maɓallinta ka ji kukanta da kunnenka. Sannan ka sa mai gidan ya nuna maka inda bututun hita ya fito. A gidaje da yawa wani ɗan farin bututu ne a jikin bango, bai wuce tsayin ƙugu daga ƙasa ba, kuma nan iska ke son tara kayanta. In dusa na sauka, kafin ka nemi hanyar mota, shi za ka fara tonewa.

Sai shebur. Kana ganin dusar fara fat, mara nauyi, ka ɗauka aikin yara ne. Wadda ta jiƙe, cikin shebur ɗaya sai ka ji shi har ƙashin bayanka. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, ga nauyi kana ɗagawa, zuciya ta shiga aiki biyu. Kusan duk shekarar da aka yi dusa mai yawa sai an ji wanda ya faɗi a ƙofar gidansa da shebur a hannu. Ka tura ta, kada ka riƙa ɗagawa kana wurgawa. In tudu ya yi tsayi, daga sama ake yanka shi, kaɗan-kaɗan. Gara ka fita sau da yawa ka kwashe 'yar kaɗan da ka bari ta taru ta daskare. In ka ji ƙirjinka ya ɗaure ko numfashi ya yi maka wuya, ajiye shebur, ka nemi taimako, ba jarumta a nan. Ni dai yanzu yaran maƙwabta nake ba 'yan daloli, kuma ba na jin kunyar hakan.

Tufafi kuwa, jerawa ake yi: ta ciki mai tsotse gumi, ta ulu a kai, sannan wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Auduga in ta jiƙe da gumi sanyi take ƙara maka, don haka shaddarka ta jira ranar Idi. Hula mai rufe kunne, safar hannu, da takalmi mai dogon wuya mai kaushin ƙasa. In yatsa ko kunne ya yi fari ya mutu, kada ka murza, kada ka kara shi a wuta, don zai ƙone ba ka ji ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi za ka sa shi, in bai dawo ba ka tafi asibiti.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an fara maganar guguwa a rediyo, kantuna sai su cika, burodi da madara su ƙare. Kai dai tun Oktoba ka ajiye abincin kwana uku da ba ya buƙatar wuta: garin kwaki, gyaɗa, dabino, kifin gwangwani, ruwan sha. Kilishi kam kada ma ka ɗauko, a filin jirgi za a karɓe. Ka tanadi tocila da batir, bargo, da abin cajin waya cike. In wuta ta ɗauke, ku taru a ɗaki guda ku rufe sauran, ku bar famfo yana ɗiga don kada bututu ya daskare ya fashe.

Kuma ka san maƙwabtanka tun kafin ka buƙace su. Ana yi wa Buffalo kirari da birnin maƙwabtan kirki, kuma na ga dalilin. A guguwar 2022, motar wasu 'yan Koriya ta Kudu masu yawon buɗe ido ta maƙale a wata unguwa. Suka ƙwanƙwasa ƙofa neman shebur, masu gidan suka sauke su har hanya ta buɗe. Kai ma in ka share gabanka, ƙara ɗan taku ka share na tsohuwar da ke kusa da kai, ka buga mata ƙofa ka ji ko hitarta na aiki. Ba sai addininku ya zo ɗaya ba.

Kada ka sayi kayan sanyi a gida, ba za su yi maka ba. Ka zo da kuɗinka, in kai ka inda ake samun masu kyau da araha kafin Nuwamba. Ka turo mini ranar saukarka, ka kuma gaishe mini da mahaifiyarka.

Baffanka.